Hudar da Etelka Ta Kalmashe

Etelka ba ta iya ganin bakin yadi yana zazzarewa ta wuce, ko a jikin wa yake kuwa. Ta taɓa tsayar da fada a ƙofar coci, jama'a na kallo, ta tsuguna ta kama masa gefen riga da allurar da kullum take soke a ƙirjin rigarta. Mijinta, kafin yaƙi ya tafi da shi, yakan ce ranar da aka zo binne ta sai ta tashi zaune ta duba ko an kalmashe likkafanin daidai. Mutanen gari suna dariyar abin, ita ma tana taya su. To wannan halin ne ya ja mata abin da ya ja mata, shi ya sa na fara da shi.

Garin ƙarami ne, a bakin kogin Tisza, ba abin da yake taƙama da shi sai masana'antar jan bulo da 'yar tashar jirgin ƙasa. Ɗanta Balint, shi kaɗai Allah ya bar mata, a wurin gasa bulon yake aiki tun gemu bai fito masa ba. Ita kuma tana ɗinki a shagon teloli na gwamnati, a kan kekenta na kanta, wanda aka zo har ɗaki aka ɗauka shekarar da aka ce komai ya zama na kowa. Kullum da safe sai ta je ta zauna a gaban abinta ta yi wa gwamnati aiki da shi. Ba ta taɓa cewa uffan a kai ba, don ta ga yadda masu cewa suka ƙare.

Da kakar shekarar alif ɗari tara da hamsin da shida, da labari ya zo cewa Budapest, babban birnin ƙasar, ta yi bore, masu gasa bulo su ma suka ajiye aiki suka fito dandali. Kada wani ya ce maka kewar masu gonaki da attajiran da ne ta fito da su. Uban Balint ya sha kulki a hannun 'yan sandan zamanin attajiran, shi kansa Balint da katin matasan jam'iyyar kwaminis mai mulki a aljihunsa ya fita. Abin da suke ihu a kai shi ne sojan Rasha ya koma gidansu, a daina ɗora musu adadin bulon da ko jaki ba zai iya ba, a daina ɗauke mutum daga gidansa a nemi labarinsa a rasa, kuma tunda an ce masana'anta ta ma'aikata ce, to a bar ma'aikatan su riƙe ta. Nan take suka kafa majalisarsu ta ma'aikata, suka sa Balint a ciki don yana da murya.

Ranar da yamma ya shigo gida muryar ta dushe, takalmansa duk taɓo, da tutar ofishin masana'anta a kafaɗarsa. Ja, fari, kore, amma tambarin da ke tsakiya, mai guduma da zangarniyar alkama da jan tauraro, babu shi. Ya fafe shi da 'yar wuƙar aljihun da yake yanka burodi da kitse, kamar yadda aka ji mutanen Budapest sun yi.

"Inna, kin ga dandali kuwa? Ko allura kika jefa ba za ta taɓa ƙasa ba!"

"Na ga takalmanka dai a kan daɓena. Cire su."

Ya cire, ya jefa tutar a kan kujera, ya sha miyar wake a tsaye, ya faɗi a kan gado da kayansa. Kafin ta kwashe kwanon har ya fara minshari.

Ita kuwa sai idonta ya koma kan kujerar. Wallahi ta yi ƙoƙari. Ta wanke kwano, ta share taɓon, ta juya wa tutar baya. Amma hudar nan ta ƙi barinta, yankan wuƙa ne, kaca-kaca kamar ɓera ya ci, zare yana ta reto ta ko'ina. Ta san in iska ta kaɗa ta gobe, kafin azahar farin zai tsage har cikin koren, ɗanta ya riƙa yawo da tsumma a gaban mutane. Sai ta ɗauko farantin miya ta kifa a kan hudar, ta zagaya shi da alli, ta bi layin da almakashi ta fitar da zobe guda na bakin da ya lalace. Ta buɗe gwangwaninta ta ɗauko farin zare mai kyau, irin na kafin yaƙi, wanda take tattali, ta zauna bakin taga da sauran hasken rana ta kalmashe hudar da hannu, ɗinki ƙanana a jere. Zoben da ta yanke ta jefa shi a jakar ƙyallaye, don tela ba ya zubar da ƙyalle.

Da safe Balint ya ɗaga tutar ya kwashe da dariya. "Kai, Inna! Juyin juya halin ma sai kin kama masa baki?"

"In za ka yi abu ka yi shi da tsafta," in ji ta.

Ya sumbace ta a ka ya fita. A ranar ne wani ya ɗauke su hoto a kan matakalar ofishin gari, Balint a gaba, tutar a buɗe, hudar zagaye sumul.

Abin bai kai ko'ina ba. Kafin a gama murna tankokin Rasha suka dawo, suka bi ta kan gadar Tisza suna girgiza tagogin gari. An harbe wasu samari a bakin tasha. Masu bulo suka ƙi komawa aiki, suka yi ta yajin har hunturu ya shiga, gawayi ya ƙare, yara suka fara tari, sannan suka koma ɗaya-ɗaya, kowa kansa a ƙasa. Masu ƙafa suka tsallaka iyaka zuwa yamma. Etelka ta haɗa wa Balint jaka, ta roƙe shi, har ta zage shi, ya ce shi bai yi sata ba da zai gudu. Jakar ta yi ta zama a bayan ƙofa har bazara, lokacin da aka zo aka tafi da shi daga bakin wutar bulo, hannunsa ko wankewa bai yi ba.

Daga nan rayuwarta ta koma jeka-ka-dawo. Jirgin safe zuwa babban garin lardi, layi a ƙofar kurkuku tare da mata irinta, ƙunshin burodi da safa da wani lokaci a karɓa wani lokaci a maido, jirgin yamma zuwa gida. Ƙafafunta suka kumbura. Ta gaji irin gajiyar da barci ba ya saukewa. A shago maƙwabciyar kekenta Rozsi ce kaɗai ke mata magana, ita ma sai ta waiga tukuna.

Bayan 'yan watanni aka kira ta wurin mai binciken, wani Kyaftin Bodnar. Ta yi zaton za ta ga dodo, sai ta tarar da wani ramammen mutum da jajayen idanu, da kofin madara a gabansa saboda gyambon ciki. Tutar tana shimfiɗe a kan teburinsa.

"Zauna, Inna. Kin san wannan?"

Ta zauna. Ta ga ɗinkinta, ko zare ɗaya bai motsa ba.

"Bari in gajarce miki," in ji shi. "Tutocin da muka tattara a lardin nan duk yagaggu ne, na wuƙa, na haƙori ma. Wannan kaɗai ce aka zauna aka yi wa aiki. Mai gabatar da ƙara zai ce mutumin da ke cikin fushi ba ya zama ya yi wannan. Zai ce an tanade ta tun kafin ranar, wato abin shiri ne, wato akwai masu shiri. Ga ɗanki riƙe da ita a hoto. Ɗan bi yarima a sha kiɗa, shekaru ne, ya yi ya fito. Wanda ya shirya, igiya ce, rataye shi ake yi."

Amma Etelka ta zo da shirinta. Ta buɗe jaka ta fito da zoben ƙyallen, ta shimfiɗa shi a cikin hudar. Ya zauna daram, da yankan wuƙar a bakinsa na ciki.

"Ranka ya daɗe, duba. Da wuƙa ya yanke ta, a dandali, gaban kowa. Ni na gyara bayan ya dawo, yana barci ma. Ba shiri ba ne, wallahi halina ne kawai. Tambayi duk garin."

Bodnar ya dubi zoben, bai ko taɓa shi ba. Ya kurɓi madararsa.

"Na sani, Inna. Tun ranar da na gan ta na ce wannan aikin uwa ne. Tawa uwar ma ɗinki take yi, da ita ce haka za ta yi. Ɗauke abin nan ki sa a murhu in kin je gida. In ya shiga hannun kotu ba abin da zai canja, sai dai ku zama ku biyu."

"To in ka sani..."

"Sanina me zai yi miki?" Ya murza idanunsa. "Gwamnatin nan ta wace ce? Ta ma'aikata. To ma'aikata sa tashi su yi wa kansu tawaye? Ba a rubuta haka. Ba wanda zai sa hannu a kan haka, daga nan har sama. Abin da ake rubutawa shi ne an yaudare su. In kuwa an yaudare su, dole a samu wanda ya yaudare su, mai tsohuwar dukiya, mai jin haushin abin da aka karɓe masa. Ki ba ni shi, ni kuma in mayar miki da ɗanki cikin waɗanda aka yaudara." Ya dube ta. "Kafin a karɓe kantuna, wa ke sayar da yadi da zare a garinku?"

Ta gane wanda yake nufi. Garin kantin yadi ɗaya ya taɓa yi.

"Ki yi tunani," in ji shi. "Ni ma na gaji da rataye masu gasa bulo."

Baba Ambrus shi ne mai kantin. Da can in ya fito da agogon sarƙa a cikinsa har fada sai ya fara gaishe shi. Yanzu a wani ɗan ɗaki yake a bayan kantin nasa na da, yana share dandamalin tasha, yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Etelka ta yi kwanaki tana wuce ƙofarsa. Ran Lahadi ta zuba miyar wake a kwano ta tafi, tana gaya wa kanta miya kawai za ta kai.

Ya buɗe kwanon ya shinshina. "Shekara nawa ina tari a ɗakin nan ba ki kawo min ko ruwan zafi ba. Yau har da nama? To, 'yar allura, nawa ne kuɗin kaina?"

Ta fashe da kuka, ta zauna a bakin gadonsa. Ashe sun riga sun kira shi sun yi masa tambayoyi, ya gane inda aka dosa.

"Share hawayenki, kina ɗiga min a bargo," in ji shi. "Kin san inda nake ranar da ɗanki ke ihu a dandali? Ina ɓoye a ɗakin ƙasa a kan buhun dankali. Na leƙo sau ɗaya na ji yana cewa masana'anta ta ma'aikata ce, na ce to madalla, kwaminis ne ke faɗa da kwaminis, ba mai maido min da kantina, na koma kan dankalina. Yanzu wai ni ne uban tafiyar!" Dariya ta kama shi, ta juye tari, sai da ta bubbuga masa baya.

"Baba Ambrus, ba zan iya ba. Ba ka yi min komai ba."

"Na yi miki mana, na sha tauye miki awo, ke ce ba ki lura ba."

"Na lura."

"To kin gani." Ya goge bakinsa, ya dube ta, wasan ya bar fuskarsa. "Likita ya ce huhun nan ba zai kai ni wani hunturun ba. A kurkuku aƙalla akwai mai kawo miya kullum. In ma rataye ni suka yi, sun rage wa tarin aiki. Yaron nan ko aure bai yi ba. Faɗi sunana. Sun karɓe kanti, sun karɓe gida, yau kuma sun zo za su ba ni abu kyauta, in ƙi?" Ya ɗaga cokali ya nuna ta da shi. "Da wane zare kika yi ɗinkin?"

"Farin nan na kafin yaƙi. A wurinka na saya."

"Yauwa! To ki ce zarena ne, ba ƙarya a ciki. Kuma ki faɗa da ƙarfi, alƙali ya ji cewa kayan Ambrus ba sa tsinkewa."

Ta koma gida ta sa zoben a murhu. Kunya ta ishe ta, amma a ƙarƙashin kunyar akwai sauƙi, kuma sauƙin ya fi kunyar yawa. Ranar ce ta fara yin barcin kirki tun bazara.

An yi shari'ar gab da kaka, a wani zaure mai zafi da tagoginsa a rufe. An cika kujerun da 'yan jam'iyya da wasu masu bulo da aka kwaso daga wurin aiki don su ga darasi. Da aka shigo da Balint sai da ta duba sau biyu. An aske masa kai, wuyansa ya zama kamar na kaza, in ya buɗe baki akwai giɓi a gaba. Baba Ambrus kuwa, wanda ta riga ta ba Bodnar sunansa, ya sa tsohuwar kwat ɗinsa ya zauna a kujerar masu laifi yana ɗaga kai kamar an gayyace shi biki.

Aka kira ta. Ta faɗi abin da suka shirya da Bodnar, idonta a kan bangon da ke bayan alƙali. Cewa kwanaki kafin tashin, Ambrus ya zo mata da tuta da zare, ya ce ta fafe tambarin ta kalmashe, za a buƙace ta. Cewa shi ya riƙa jan ɗanta gefe yana hure masa kunne. Cewa Balint yaro ne mai jin maganar manya, bai san komai ba. Mai gabatar da ƙara yana gyaɗa kai, magatakarda yana rubutu, komai yana tafiya sumul.

"Inna."

Muryar Balint ce, ba ta da ƙarfi, amma zauren ya yi tsit.

"Inna, me kike yi haka?"

"Zauna!" in ji alƙali.

Bai zauna ba. Ya riƙe katakon gabansa da hannu biyu. "Baba Ambrus? Baba Ambrus da ko tagarsa bai buɗe ba? Shi ya tashe mu?" Ya juya wajen masu bulon da ke baya. "Jani, Feri, kuna ji? Wai mai kanti ne ya aike mu. Wai mu ba mu da kan da za mu san bulo ya yi mana yawa sai attajiri ya gaya mana. An harbe 'yan'uwanmu a bakin tasha, yanzu a ce a kan kantin yadi suka mutu? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!"

"Yaro, rufe bakinka!" Baba Ambrus ya daka masa tsawa. "Ni ne, na ce ni ne!"

"Ba kai ba ne, Baba, ka yi haƙuri." Ya koma ga alƙali. "Ranka ya daɗe, kun karɓe garin, kun karɓe masana'antar, kun rushe majalisarmu. Duk ku riƙe. Amma wannan ɗaya ku bar mana. Mu muka yi. Ma'aikata ne suka tashi, ba wanda ya saye mu, ba wanda ya aike mu. Ku rubuta haka."

Magatakarda ya ɗaga alƙalaminsa daga takarda, ya dubi alƙali. Masu bulo kowa ya sunkuyar da kai yana kallon hular da ke cinyarsa. Etelka tana so ta yi ihu, ta tsallaka ta toshe masa baki da hannunta kamar yadda take yi yana ƙarami in ya yi ɓaranɓarama a gaban baƙi.

Alƙalin ya cire tabarau. Shi ma da ganinsa ya gaji, ga wasu shari'o'in suna jiransa kafin abincin rana. "Wato kana cewa shaidar uwarka ƙarya ce. Ka san hukuncin shaidar zur? To in ba Ambrus ya kawo ba, wa ya yi wannan ɗinkin, ita?"

Sai a lokacin Balint ya dube ta sosai. Ta ga ya gane ramin da ya tura ta.

"Ni na ɗinka. Ɗan tela ne ni, tun ina yaro na iya. Ita ba ta ma ga tutar ba. Tsufa ne da tsoro, an rikita ta, so take ta cece ni. Kada ku riƙe ta da shi."

Balint, wanda ko zare bai iya zurawa a allura ba. Balint da in maɓallinsa ya cire sai ya ɗaure rigar da waya. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, ya girgiza mata kai kaɗan, irin yadda ubansa yake yi. Magatakarda ya mayar da alƙalaminsa kan takarda, wannan karon ya rubuta. A can baya ta ga Bodnar ya tashi, ya dafe cikinsa, ya fita bai waiwayo ba.

Hukuncin igiya suka yanke wa Balint. Baba Ambrus aka kore shi gida, yana ta masifa a jirgi cewa yaron banza ya hana shi mutuwa da suna, yana masifar yana share ido da hannun kwat.

Sau ɗaya aka bar ta ta ga Balint, ta bayan ragar waya, da mai gadi a tsaye. Ta yi niyyar ta yi masa magana mai daɗi, amma da ta gan shi sai fushi ya taso mata.

"Na riga na fito da kai. Na zubar da mutuncina, na ɗora wa tsoho laifi, na fito da kai! Ka zaɓi magana ka bar uwarka."

"Na sani, Inna."

"Wa ya ji ka? Ko rubutawa ba su yi ba."

"Jani ya ji. Feri ya ji." Ya sa yatsunsa a cikin wayar. "In na fito bayan shekaru a matsayin wawan da mai kanti ya aika, in koma bakin wuta in dubi wa? Abin da ya rage mana ke nan, Inna, cewa namu ne."

"Ni kuma me ya rage min?"

Ta kama yatsun nasa, sun yi sanyi. Ta lura bakin hannun rigarsa ya zazzare, hannunta ya tafi ƙirjinta da kansa, amma sun karɓe allurar a ƙofa.

"Da na bar tutar yadda ka kawo ta," in ji ta.

"Da sun nemo wani abin. Kuma ta fi ta kowa kyau a dandali, wallahi. Kowa sai da ya tanka."

Da kaka aka aiko mata da ƙunshin kayansa, takalma da riga da 'yar wuƙar aljihu. Ba a gaya mata ranar ba, ba a gaya mata inda aka sa shi ba. Ta je ta tambaya, aka ce ta koma gida. Ta koma gida, da safe ta tafi shago, don ba a ba da hutu saboda irin wannan mutuwar.

Ta tarar an jibge bandir-bandir na yadi a kan teburin yanka, ja da fari da kore. Bikin gwamnati ya matso, ana son sababbin tutoci a kowane ofishi da makaranta, tunda na da duk an huda su. Shugabar shago ta raba aiki, kowa ta ja nata. Etelka ta haɗa ja da fari, ta haɗa fari da kore, ƙafarta tana taka keke ba tare da ta san tana yi ba. Da ta gama haɗin sai ta miƙa hannu gefe, inda aka saba ajiye tambarin da ake ɗorawa a tsakiya. Ba komai a wurin.

"Rozsi, ina tambarin?"

Rozsi ta waiga, ta rage murya. "Ba ki ji ba? Babu. Sabuwar doka ce daga sama. Sun cire shi daga tuta, yanzu haka nan ake barinta, ba komai a tsakiya."

"Su suka cire?"

"Su da kansu."

Etelka ta shimfiɗa tafin hannunta a tsakiyar farin. Faɗin farantin miya, ba ƙari. Ta daɗe a haka, kekuna suna ta ƙara a kewayenta, har shugabar shago ta ɗago kai ta dube ta, ta kuma kawar da kai. Ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙare tun a jirgi. Gajiya ce kawai ta sauko mata a kafaɗu, har ɗaga hannun ya zame mata aiki.

Ta zare tutar daga keken, ta ninke, ta ɗora a kan tarin waɗanda aka gama. Ta jawo wani yadin.

Rozsi ta ɗauki tutar za ta kai wurin guga, sai ta tsaya. Gefe guda ba a taɓa shi ba, yankan almakashi ne tsirara, zare har ya fara reto.

"Etelka, kin manta bakin nan. Zazzarewa zai yi."

"Na gani," in ji Etelka, ta ci gaba da taka kekenta.